Bazara, Janareta da Iyafis: Yadda Mai Waya Zai Kare Kunnensa

Daga watan Maris zuwa Mayu zafin rana a Gusau kan kai digiri 40, wani lokaci ya wuce. Ɗaki ba ya zaunuwa, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas, shi ya sa da magariba ta yi sai janareta su fara tashi layi bayan layi, daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari da Samaru. Matashin da ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida yana kallon bidiyo a waya ba zai ji abin da ake faɗa ba sai ya ƙara sauti. Ya danna sau ɗaya, ya danna sau biyu, wayar ta fito masa da gargaɗi, ya amince ba tare da ya karanta ba. Sau da yawa a haka barci zai ɗauke shi, iyafis na kunne, waƙa na tafiya har asuba.

A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta bayyana cewa mutum fiye da biliyan ɗaya 'yan shekara 12 zuwa 35 na cikin haɗarin raunin ji saboda yawan sauraron sauti mai ƙarfi. Wani nazari da mujallar BMJ Global Health ta wallafa a wannan shekarar ya ƙiyasta cewa kusan kashi 24 cikin 100 na matasa suna sauraro a waya da makamantanta fiye da ƙima, kusan kashi 48 cikin 100 kuma suna shan ƙarar da ta wuce ƙima a wuraren taro da nishaɗi. Bazara a Zamfara kan haɗa wa matashi duka biyun a mako ɗaya: ga waya a kunne, ga janareta, ga gidan kallon ƙwallo a daidai lokacin da gasannin Turai ke kai wa ƙarshe, ga bukukuwan aure da na Sallah, waɗanda a 'yan shekarun nan suke faɗowa cikin watannin zafi.

Abin da ƙara ke yi wa kunne

Sauti na shiga ramin kunne ya girgiza dodon kunne, wasu ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa girgizar zuwa wani sashe na can ciki mai siffar dodon koɗi. A nan akwai ƙwayoyin halitta masu siffar gashi, kimanin 16,000 a kowane kunne. Su ne ke mayar da girgizar ta zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Sauti mai ƙarfi na gajiyar da su. Wanda ya dawo daga biki ya ji kunnensa ya toshe ko yana ƙugi, waɗannan ƙwayoyi ne suka sha wahala. Yawanci bayan kwana ɗaya ko biyu sai jin ya dawo, mutum ya ɗauka komai ya wuce. Idan abin ya yawaita, wasu daga cikinsu kan mutu, kuma jikin ɗan Adam ba ya sake tsirar da su. Har yau babu allura ko ƙwayar da ke mayar da su.

Lalacewar ba ta zuwa da ciwo, shi ya sa ba a lura da ita da wuri. Siraran sautuka ake fara rasawa, irin waɗanda ke cikin haruffan s, sh, ts da f. Mutum zai ji ana magana, amma ya kasa bambance "sara" da "shara", ko "tsara" da "fara", musamman a kasuwa ko a aji mai hayaniya. Sai ya riƙa cewa mutane ba sa buɗe baki idan suna magana, alhali matsalar daga kunnensa take. Ga ɗalibi, wannan na nufin rasa wani ɓangare na bayanin malami. Ga mai niyyar shiga aikin da ake gwada lafiyar kunne kafin a ɗauki mutum, kamar soja ko tuƙin jirgin sama, zai iya zama dalilin rasa gurbin.

Kunne ma yana da kason mako

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Hirar mutum biyu tana kusan desibel 60. Babur mai gudu kan kai 90 zuwa 95. Waya da iyafis, idan aka ƙure sauti, kan bayar da 100 zuwa 110. Ma'aunin yana da ruɗi, domin ƙarin desibel 3 kacal na nufin ƙarfin sautin ya ninka biyu. Ke nan tsakanin 80 da 90 ƙarfin ya ninka sau goma.

A shekarar 2019 WHO da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, suka fitar da ƙa'idar sauraro ga na'urori irin su waya. Hanya mafi sauƙi ta fahimtar ta ita ce a kwatanta ta da datar mako. Mai karanta saƙonni kawai datarsa za ta kai shi ƙarshen mako, mai kallon bidiyo mai nauyi kuwa zai cinye ta a zama ɗaya. Ga yadda kason babban mutum yake a mako guda:

Desibel 80: awa 40
Desibel 85: awa 12 da rabi
Desibel 90: awa 4
Desibel 95: awa 1 da minti 15
Desibel 100: minti 20
Desibel 110: minti 2 da rabi

Ga yara, ƙa'idar ta fi tsauri: desibel 75 ne na awa 40. Kason kuma guda ɗaya ne, duk wani sauti mai ƙarfi daga cikinsa yake ci. Kunne ba ya duba ko waƙa ce, ko sharhin ƙwallo, ko karatu, ko wa'azi, ko injin niƙa. Ƙarfin sautin da tsawon lokacin kaɗai yake lissafawa. Inda ya bambanta da data shi ne ba a sayen wani idan wannan ya ƙare.

Lissafin mako guda tsakanin Tsafe da Gusau

A ɗauki misalin ɗalibin da ke zaune a Tsafe yana shiga Gusau sau biyu a mako. Tafiyar ta Kwatarkwashi a motar haya, a ce awa guda zuwa, awa guda dawowa. Gilashi a sauke saboda zafi, ga iska ga ƙarar inji, sai ya ɗaga sautin iyafis ɗinsa zuwa desibel 90. Awa huɗu ke nan a mako, wato ya cinye kason duka a hanya kaɗai. Ranar Asabar da Lahadi ya kalli wasa biyu a gidan kallo, awa huɗu a desibel 85: ƙarin kashi 32 cikin 100. Da daren Lahadi ya leƙa bikin aboki, ya tsaya minti 20 a gaban lasifika inda sauti ya kai 100: ƙarin kaso guda cur. Jimilla ya ninka abin da kunnensa zai iya ɗauka fiye da sau biyu, ba a ma lissafa sauraron dare a gefen janareta ba.

Yanzu a sake lissafin ba tare da an hana shi komai ba. A mota ya yi amfani da iyafis mai toshe kunne da kyau, ya tsaya a desibel 80: kashi 10 cikin 100. Gidan kallo na nan a kashi 32. A wajen biki ya ja da baya daga mita biyu zuwa mita takwas. A fili, duk lokacin da nisa ya ninka biyu sauti kan ragu da kusan desibel 6, don haka 100 ta koma kusan 88, minti 20 ɗin kuma ba su wuce kashi 5 ko 6 ba. Jimillar ba ta kai rabin kason ba. Tafiyar ɗaya ce, ƙwallon ɗaya, bikin ma ya halarta.

Abin da za a saita a waya

Shawarar WHO ita ce kada sauti ya wuce kashi 60 cikin 100 na iyakar na'ura. A wayoyin Android da yawa matakan sauti 15 ne daga shiru zuwa ƙurewa, ke nan mataki na 9 shi ne iyaka. Gargaɗin da ke fitowa idan aka zo wani mataki ba matsalar waya ba ce, an sa shi ne don wannan dalili.

Mai Samsung zai iya kafa iyaka ta dindindin. A shiga Settings, sai Sounds and vibration, sai Volume, a taɓa ɗigo ukun da ke sama, a zaɓi Media volume limit. Akwai damar sa lambar sirri, wadda ke da amfani idan ƙanne na aron wayar su yi kallo.

Mai iPhone ya shiga Settings, sai Sounds & Haptics, sai Headphone Safety, ya kunna Reduce Loud Audio, ya ja ma'aunin zuwa 80. Manhajar Health tana ajiye lissafin sautin da aka saurara na kwana bakwai, kuma wayar kan turo sanarwa idan an cinye kason mako. Lissafin ya fi daidai da iyafis na Apple da Beats, na sauran kamfanoni ƙiyasi take yi.

A wayoyin Tecno, Infinix da itel, waɗanda su suka fi yawa a hannun matasa, tsarin ya bambanta daga waya zuwa waya. A duba sashen sauti a Settings. Idan babu wurin kafa iyaka, ƙidaya matakan nan ta wadatar.

Manhajojin ƙara ƙarfin sauti, waɗanda ake saukewa don waya ta fi ƙara, ba su dace da iyafis ba ko kaɗan, domin aikinsu shi ne tsallake iyakar da kamfani ya sa. Mai son sauraro kafin barci kuma ya kunna agogon kashe kai da ke cikin manhajoji irin su Spotify, Audiomack da YouTube, ya sa minti 20 ko 30. Wata ɗabi'a da ya kamata a lura da ita ita ce sa iyafis a kunne ɗaya: ɗayan kunnen na kwasar hayaniyar waje, sai hannu ya riƙa ƙara sauti ba tare da mutum ya sani ba.

Wane iyafis za a saya

Hayaniyar da ke kewaye da mutum ita ke sa shi ƙara sauti, saboda haka iyafis ɗin da ke tare hayaniya ya fi mai ƙarfin sauti amfani. Mai kan roba mai laushi da ke shiga ramin kunne ya fi mai tauri da ke rataye a bakin kunne. Yawanci robobin kan zo girma uku a kwali. Yana da kyau a gwada duka, domin wanda bai zauna daidai ba ba ya tare komai.

A shagunan waya za a ga an rubuta ANC ko ENC a jikin kwalayen Oraimo da sauran kamfanoni, kuma mutane da yawa na ɗaukar su abu ɗaya. ANC na sauraron ƙarar waje ta wani ƙaramin makirufo, sai ya fitar da sautin da ke soke ta kafin ta kai ga kunne. Ya fi aiki a kan ƙara mai ɗorewa irin ta janareta, injin mota ko fanka, wato daidai irin hayaniyar bazara. ENC kuwa aikinsa tace muryar mai magana lokacin kira, don wanda ke ɗaya ɓangaren ya ji da kyau. Ba ya rage wa mai sanye da iyafis ƙarar komai. Wanda ke neman kariyar kunne ANC zai nema, ya kuma gwada a shago kafin ya biya, domin akwai jabu masu rubutun kawai: a kunna a kashe, a ji ko ƙarar titi ta ragu.

ANC ba ya kare kunne daga ƙarar fashewa ko ta manyan lasifiku. Haka kuma toshe kunne ruf ba ya dacewa da mai tuƙa babur ko Keke Napep, ko mai tafiya a ƙafa bakin titi. A yanayin tsaron da ake ciki a jihar, matafiyi da mai yawon dare na bukatar jin abin da ke faruwa a kusa da shi. A irin waɗannan wurare a cire iyafis gaba ɗaya.

Gidan kallo, biki da wurin sana'a

Akwai gwajin da ba ya bukatar na'ura. Idan sai mutum ya ɗaga murya kafin wanda ke tsaye nisan hannu ɗaya ya ji shi, hayaniyar wurin ta kai desibel 85 ko ta wuce. Manhajojin auna sauti ma na taimakawa. NIOSH Sound Level Meter ta iPhone kyauta ce kuma an gwada ingancinta. Na Android ƙiyasi suke bayarwa saboda makirufon wayoyi ya bambanta, amma sun isa su nuna wane ɓangare na gidan kallo ya fi ƙara.

A gidan kallo a nemi bencin da ke nesa da lasifika da kuma janareta, a fita waje lokacin hutun rabin lokaci. A wajen biki, majalisi ko gangamin siyasa, gefen fili ya fi gaban lasifika. Ƙa'idar da WHO ta fitar wa wuraren taro a 2022 ta ce matsakaicin sauti kada ya wuce desibel 100, kuma a jerin da ke sama an ga cewa ko wannan minti 20 ne kasonsa. Masu DJ da masu hayar lasifika su suka fi kowa zama cikin haɗari, tunda su ke kwana kusa da kayan.

Bindigar toka da ake harbawa a hawan Sallah ko naɗin sarauta, da abubuwan fashewa na wasan yara, lissafinsu daban ne. Ƙarar harbi kan kai desibel 140 ko fiye, kuma sau ɗaya a kusa da kunne ya isa ya fasa dodon kunne ko ya bar ƙugi na dindindin. Mai ɗaukar bidiyo ya tsaya nesa ya jawo hoton da kyamara.

Matasan da hutu ko sana'a ke kai su wurin injin niƙa, walda, yankan katako, ko injin ban-ruwa a fadamun Bungudu, suna shafe sa'o'i a cikin ƙara kullum. Abin da ya dace da su shi ne matoshin kunne na soso, irin na ma'aikatan masana'antu. Ana murza shi ya sirance, a ja kunne sama, a tura shi ciki, a riƙe har ya kumbura. Idan ya zauna daidai yana rage desibel 15 zuwa 30. Auduga ko takarda ba sa rage abin kirki. Sa iyafis a ƙure waƙa don danne ƙarar inji kuwa ƙari ne a kan ƙari. Mai shagon caji da mai aski su ma za su amfana idan suka ƙara tsawon waya suka matsar da janareta nesa da wurin zama, abin da ke rage haɗarin shaƙar hayaƙinsa.

Zufa, wankan rafi da sanƙarau

Zafi na kawo wa kunne wasu matsalolin da ba na ƙara ba. Zufa da ta taru a ƙarƙashin robar iyafis na jiƙa ramin kunne, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. A riƙa cire robobin ana wankewa, a bar su su bushe, a kuma rage karɓa-karɓar iyafis tsakanin abokai. Yaran da ke wanka a guraben ruwan da suka rage a Kogin Sakkwato ta wajen Gusau da Bungudu kan dawo da ƙaiƙayi ko ciwon kunne. Idan ruwa ya shiga, a karkata kai ya fito, a goge waje kawai. Tsinken ashana, gashin kaza, murfin biro, har da tsinke mai auduga, duk suna tura dauɗa ciki, suna kuma iya huda dodon kunne. Kunnen da ke zubar da ruwa ko mugunya ba a ɗiga masa mai, ruwan ganye ko maganin kemis sai likita ya duba, domin wasu magungunan na cutarwa idan dodon kunne ya huje.

Sanƙarau ma cutar wannan lokaci ce, kuma Zamfara ta san ta. Annobar da ta ɓulla a jihar a ƙarshen 2016 ta bazu zuwa wasu jihohi a 2017, inda aka samu mutum fiye da 14,000 da ake zargin sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu. A cewar WHO, kusan mutum ɗaya cikin biyar da suka kamu da nau'in cutar mai tsanani kan samu naƙasa mai ɗorewa, kuma kurumta na cikin waɗanda suka fi yawa. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar Men5CV mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar cutar. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya na bukatar asibiti nan take, wanda ya warke kuma a gwada jinsa ba tare da jinkiri ba.

Alamomin da ba a bari su kwana biyu

Ƙugi ko tsiwa a kunne da ba ta tafiya, yawan cewa "na'am?" a hira, sauya waya zuwa ɗaya kunnen lokacin kira, ko jin cewa matakin sautin da ya ishi mutum bara yanzu ya yi masa kaɗan, duk alamu ne. Manhajar hearWHO, wadda WHO ta fitar a 2019, kyauta ce a Android da iPhone. Tana karanto lambobi uku-uku da Turanci a cikin hayaniya, mai gwaji ya danna abin da ya ji. Sakamakon da ya gaza 50 na nuna akwai bukatar ganin likita. Gwajin farko ne, ba ya maye gurbin na asibiti.

Wanda jinsa ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda ya tafi asibiti a ranar, domin maganin irin wannan ya fi aiki a kwanakin farko. Mazauna Tsafe da Bungudu za su iya farawa daga babban asibitin garinsu, a tura su Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Idan ana bukatar gwaji mai zurfi ko na'urar taimaka wa ji, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999.

Hausawa na cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. Kafa iyakar sauti a waya ba ya ɗaukar minti biyu, kuma ba ya cin ko sisi. Wanda bai taɓa yi ba zai iya yi yanzu, tun kafin a tayar da janareta yau da dare.